Baƙon Dauro a Bakin Iyaka: Tafiya Tsakanin Ƙasashe da Ɓarkewar Ƙyanda a Ƙasar Gumel

Ƙyanda, wadda Hausawa ke kuma kira baƙon dauro, cuta ce da bairos ke haddasawa, wato wata ƙwayar halitta wadda ƙanƙantarta ta kai ba a ganinta da madubin likita na yau da kullum, kuma ba ta iya hayayyafa sai a cikin jikin wani mai rai. Bairos ɗin ƙyanda ba shi da masauki sai jikin ɗan'adam. Ba ya zama a jikin saniya ko raƙumi, ba ya kwana a ruwan rijiya, sauro kuma ba ya ɗaukarsa, saboda haka duk garin da ya shiga, to mutum ne ya kai shi, a ƙafa ko a mota ko a jirgi. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke haɗa nazarin ƙyanda da nazarin zirga-zirgar jama'a, kuma shi ne ya sa garin Maigatari, inda ƙasar Gumel ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya dace a ɗora wannan lacca a kansa.

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jihar Jigawa, su ne Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tarihinta ya girmi iyakar da ta raba ta da ƙasar Damagaram, domin kafin a dawo da gadon sarautar garin Gumel a ƙarni na 19, yana Tumbi ne, wadda yau take cikin Nijar. Ingila da Faransa ne suka shata iyakar a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, sai ta ratsa tsakanin mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya, waɗanda ke auratayya da juna har gobe. A kowace Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, inda Fulani da Buzaye da Mangawa ke kawo shanu da raƙuma da tumaki daga wajen Dungas da Magarya da can arewa da su, fatake kuma su loda su a manyan motoci zuwa Kano da kudancin Najeriya. A nan ne gwamnatin Jigawa ta kafa Yankin Ciniki Mara Shinge a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wato wani keɓaɓɓen fili da aka ɗage wa harajin kwastan don a jawo masu masana'antu da masu fitar da kaya irin su riɗi da zoɓo zuwa ƙetare. Manufar irin wannan yanki ita ce a ƙara yawan masu shigowa da masu fita, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai duk wanda ya yi lissafin kayan da za su ratsa ƙofa, ya kamata ya yi lissafin abin da masu ɗauke da kayan ke tafe da shi a cikin numfashinsu.

Hanyar da cutar ke bi a jikin mutum ita ce mabuɗin maganar duka. Idan mutum ya shaƙi bairos ɗin, yakan yi kwana goma zuwa goma sha biyu lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci yana harkokinsa, kuma wannan shi ne lokacin ƙyanƙyasa, wato tazarar da ke tsakanin shigar ƙwayar cuta da bayyanar alamarta ta farko. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi ya taso tare da tari da mura da jan ido, alamomin da ba su da bambanci da na murar hunturu, sai bayan kwana uku ko huɗu ƙurajen su fito, su faro daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. Mai cutar yana fara yaɗa ta tun kwana huɗu kafin fitowar ƙuraje har zuwa kwana huɗu bayan fitowarsu, kuma bairos ɗin yana iya zama a iskar ɗakin da ya yi tari a ciki har awa biyu bayan ya fita. A cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna kusa da shi, kusan tara za su kamu, kuma a cikin jama'ar da ba ta taɓa sanin cutar ko allurarta ba, mutum ɗaya yana iya harbin goma sha biyu zuwa goma sha takwas, adadin da da wuya a sami wata cuta da ta kai shi. Ma'anar wannan a bakin iyaka ita ce, yaron da ya shaƙi cutar a Damagaram ko a Kano ranar Juma'a zai wuce gaban jami'in shige da fice da jami'in lafiya na tashar Maigatari ranar Alhamis mai zuwa yana wasa a bayan uwarsa, ba zazzaɓi ba ƙurji, kuma babu na'urar auna zafin jiki da za ta nuna komai a tare da shi.

Likitan da ya fara tabbatar da wannan lissafin kwanaki shi ne Peter Panum, ɗan ƙasar Denmak, wanda aka tura tsibiran Faro a 1846 bayan wani kafinta da ya taso daga birnin Kwafanhagan ya sauka can da cutar a jikinsa bai sani ba. Tsibiran sun shekara 65 ba su ga ƙyanda ba, sai ta kama kimanin mutum 6,000 daga cikin mazauna 7,782, amma ta tsallake tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781, abin da ya nuna cewa wanda ya yi ta sau ɗaya ya rabu da ita har abada. Tun kafin wannan da ƙarnoni da yawa Abubakar al-Razi, likitan Bagadaza, ya riga ya rubuta littafin da ya bambanta ta da agana. A tsibiran Fiji kuwa, a 1875, sarkinsu Cakobau da tawagarsa suka komo daga birnin Sidni da ita a jirgin ruwa, aka yi taron sarakuna don tarbarsu, kowa ya koma gida da rabonsa, mutum wajen 40,000 suka mutu cikin 'yan watanni.

A ƙa'idar masu sa ido kan cututtuka, ana cewa ƙyanda shigo da ita aka yi idan mai ita yana wata ƙasa a cikin kwana 7 zuwa 21 kafin ƙurajensa su fito, kuma wannan ma'ana tana da amfani ƙwarai a ƙasashen da suka riga suka katse yaɗuwar cutar a cikin gida. Amurka ta kai wannan matsayi a 2000, amma a 2014 wasu masu aikin agaji da suka komo daga Filifin suka kai ta cikin al'ummar Amish ta jihar Ohayo, waɗanda da yawansu ba su yi allura ba, mutum 383 suka kamu. A 2019 kuma ƙasar ta ƙirga 1,274, mafi yawansu a wasu unguwannin Niyok. Misalin da ya fi kama da na Maigatari shi ne na Barazil, domin ta ƙasa cutar ta shige ta, tare da 'yan gudun hijirar Benezuwela da suka riƙa tsallakowa jihar Roraima daga 2018, har ƙasar ta rasa shaidarta ta kawar da ƙyanda a 2019. Abin lura a duk waɗannan shi ne, matafiya masu ɗauke da cutar suna sauka a manyan filayen jiragen sama na duniya a kowane wata, mafi yawansu kuma ba sa harbin kowa ko su harbi mutum ɗaya ko biyu maganar ta mutu, sai wanda ya faɗa cikin unguwar da marasa allura suka taru ne kawai ke tayar da annoba.

Idan aka ɗauko wannan ma'ana aka ɗora ta a kan ƙasar Gumel, sai a ga ba ta zauna daidai ba, domin Najeriya da Nijar duka ba su katse yaɗuwar cutar ba tukuna, kuma jinsin bairos ɗin da masana ke kira B3 shi ne ke yawo a ɓangarorin biyu. Akwai kuma wani bincike na masanin lissafi Maurice Bartlett, wanda ya nuna a 1957 cewa ƙyanda ba ta iya dawwama a gari sai yawan mutanensa ya kai wajen dubu 250 zuwa sama, saboda a ƙaramin gari takan cinye duk marasa kariya cikin 'yan watanni, ta rasa wanda za ta kama, ta mutu da kanta. A ƙidayar 2006 babu ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan huɗu da ta kai mutum dubu 200, kuma mutanen a warwatse suke cikin ƙauyuka da rugage. Don haka kusan kowace ɓarkewar ƙyanda a Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Maigatari daga wani wuri ta zo, sai dai wannan wurin yana iya zama Damagaram ko Magarya, yana kuma iya zama Kano ko Haɗeja. Haka nan ma'aikacin lafiya da ke Dungas yana da hujjar da zai ce daga Najeriya ake kawo masa ita. Wanda ya ce baƙi ne ke kawo wa Jigawa ƙyanda ya faɗi rabin magana, domin motar da ta sauke fasinja a tashar Maigatari ba ta komawa wayam.

Mafi kyawun abin da aka sani game da tafiyar ƙyanda a wannan shiyya daga alƙaluman Nijar aka samo shi, inda aka daɗe ana tattara rahoton mako-mako daga gundumomin lafiya. A 2008 Matthew Ferrari da Bryan Grenfell da abokan aikinsu suka wallafa nazarin alƙaluman birnin Yamai a mujallar Nature, suka nuna cewa cutar tana tashi ne da rani, ta yi ƙarfi har bazara, sannan ta faɗi warwas da saukar damina, kuma faɗuwar takan yi tsananin da cutar ke ɓacewa daga birnin, a yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye shiru, sannan ta dawo da annoba babba. A 2011 Nita Bharti da tawagarta suka ƙara wani abu mai ban sha'awa a mujallar Science: sun auna hasken wutar da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare a saman Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga hasken yana ƙaruwa da rani yana raguwa da damina, kuma hawa da saukarsa suna tafiya tare da hawa da saukar yaɗuwar ƙyanda. Abin da tauraron ya gani daga sama shi ne abin da kowane Bahaushe ya sani da sunan cin rani, wato manomi ya gama girbi ya ɗaure dammuna ya zuba a rumbu, ya tafi birni neman kuɗi, ya kwana a cunkushe a zaure ko shago ko tasha, sai hadari ya fara haɗuwa ya komo gona. Wani nazarin na wannan tawaga ya gano cewa gundumomin Nijar da cutar ta fi saurin komawa cikinsu bayan ta ɓace su ne waɗanda manyan hanyoyin mota masu tsallaka iyaka suka ratsa, musamman na kudu masu maƙwabtaka da Najeriya. Sunan da Hausawa suka ba cutar ma bai yi nisa da wannan ba, tunda sun kira ta baƙo, suka kuma jingina ta da dauro, hatsin da ke nuna a ƙarshen kaka, daidai lokacin da hanya ke buɗewa.

Sai dai ɗan cin rani da bafatake, da yake manya ne kuma akasarinsu sun yi ƙyanda tun suna yara, ba su ne suka fi ɗaukar ta ba. Masu ɗaukar ta su ne yaran da ke cikin tafiyar, kuma su ne ba a rubutawa a kowane littafi na kan iyaka: goyon da uwa ta tafi da shi biki ko suna ko ta'aziyya a garin iyayenta da ke ɗaya ɓangaren, da 'ya'yan mai jego da ta je wankan gida, da almajiran da malaminsu ya taso da su bayan kaka daga ƙauyukan Damagaram zuwa tsangayun Gumel da Haɗeja da Kano, da 'ya'yan makiyayan da ke gangarowa kudu da rani su haura arewa da damina, waɗanda sau da yawa ranar allurar farko ke samunsu a wata ƙasa, ranar ta biyu kuma a wata. Idan cutar ta sauka a gida, kyakkyawar al'adar nan ta dubiya takan ƙarasa aikin, domin matan unguwa za su shigo ɗakin da aka killace yaron, ɗakin da aka rufe tagoginsa don kada iska ta mayar da ƙurajen ciki kamar yadda ake cewa, kowacce da jariri a bayanta. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan kafin ya tafi sai ya zaga gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane zagaye da na gaba kimanin mako biyu.

Bai kamata a ɗauki wannan da sauƙi ba don kawai cutar ta zama sananniya. Binciken da aka yi a gundumar Mirya ta jihar Damagaram bayan annobar 2003 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu sun mutu, kuma wani binciken da aka wallafa a 2007 ya sami mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu ya kai kashi 4.6 cikin ɗari a unguwar Bukoki ta Yamai, kashi 4 a unguwar Mursal ta Injamena, da kashi 10.8 a Dong ta Jihar Adamawa. Ciwon huhu da gudawa ne ke yin yawancin kisan, tamowa kuma tana ninka haɗarin, ƙarancin sinadarin bitamin A yana kai wasu ga makanta, shi ya sa ake ba duk yaron da ya kamu wannan sinadari sau biyu, yau da gobe. Ƙari a kan haka, bairos ɗin yana goge wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta koya game da wasu cututtuka, sai yaron da ya warke ya daɗe yana laulayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.3 suka kamu a duniya, kimanin 107,500 suka mutu, mafi yawansu ƙananan yara, alhali allurar tana nan tun 1963.

Rufe iyaka ba ya cikin maganin wannan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe huɗu daga ciki, Maigatari na ɗaya daga cikinsu tare da Illela da Seme da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024. A lokutan biyu tirela ce ta tsaya, amma iyakar da ta kai tsawon kilomita wajen 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki, ba ta hana mai babur ko mai amalanke ko mai tafiya a ƙasa bin ɓarauniyar hanya, kuma abin da rufewa ke haifarwa a fannin lafiya shi ne ta kawar da matafiyi daga ƙofar da ma'aikacin lafiya ke zaune. Katin rawaya da ake nema a hannun matafiya, bisa Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, shaidar allurar cutar shawara ce, babu ƙyanda a cikin abin da ya wajabta. Darasin da ya fi amfani daga shan inna ya fito, domin bayan dakatar da allurarta a Kano a 2003 cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Yaman da Indunusiya, kuma abin da ya taimaka wajen shawo kanta, har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji a Agusta 2020, ya haɗa da gudanar da zagayen allura a rana ɗaya a ɓangarorin iyaka biyu, da ajiye masu ɗiga maganin a tashoshi da kasuwanni da mashigai, da sanya hakimai da dagatai da limamai a gaba.

Abin da ke yanke hukuncin ko baƙon zai sami masauki shi ne yawan yaran da ba su da kariya, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Allurar farko, wadda ake yi a wata tara, tana kare kimanin kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa, domin a jikin wasu jariran sauran garkuwar da suka gada daga uwa takan kashe ƙarfin allurar. Ta biyu, wadda Najeriya ta sanya a wata goma sha biyar ta kuma fara bayarwa a jihohin Arewa a 2020, ita ke kai kariyar kusan kashi 97. Ana bukatar kashi 95 na yara su sami duka biyun kafin a sami garkuwar gayya, wato yanayin da masu kariya suka yi yawan da cutar ba ta samun hanyar isa ga 'yan kaɗan ɗin da suka rage. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 54 ne kawai na yaran Najeriya suka karɓi ko da ta farkon. A ɗauka, don misali, wata mazaɓa ana haifar yara 1,000 a shekara, aka yi wa 600 allura ɗaya: 510 ne suka tsira, 490 suna nan a buɗe, cikin shekara uku sun kusa 1,500, kuma a jihar da binciken 2018 ya nuna mace na haihuwar fiye da bakwai a rayuwarta, wannan tari yana cika da sauri. Shekarun shiru da aka gani a alƙaluman Yamai shekarun tara irin waɗannan yara ne, shi ya sa hakimin da ya shekara biyu bai ji labarin ƙyanda a ƙasarsa ba ya fi kowa bukatar ya tambayi yawan katunan da aka cike.

Akwai wata ƙaramar matsala ta aiki wadda ta shafi garin kasuwa kai tsaye. Allurar ƙyanda gari ce a cikin kwalba, ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar an dama ta da ruwanta sai a yi amfani da ita cikin awa shida ko a zubar. Kwalbar da aka fi rabawa ta mutum goma ce, saboda haka ma'aikaci yakan ji nauyin fasa ta don yaro ɗaya ko biyu, sai ya ce wa uwar ta dawo ranar da ake yi. Matar da ke zaune a bayan asibiti za ta iya dawowa, amma wadda ta zo daga ruga ko daga wani ƙauyen Dungas, albarkacin motar kasuwa, ba za a sake ganinta ba sai wata Alhamis ɗin, in an gan ta ke nan. Hankali zai ba da cewa a Maigatari ranar kasuwa ta zama babbar ranar allura, a bakin kara da tasha da mashigar gari, a yi wa kowane yaro ba tare da tambayar ƙasarsa ba, a kuma koya wa ma'aikata karanta katin Nijar da aka rubuta da Faransanci, kamar yadda na can ke bukatar karanta na Najeriya, don kada a maimaita abin da aka yi ko a tsallake abin da ya rage.

Lokacin gangami ma yana da muhimmanci kamar yawan waɗanda ya kai gare su. Babban gangamin farko na jihohin Arewa an yi shi ne a Disamba 2005, na allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela kuma, wata cuta mai kama da ita wadda ke nakasa ɗan tayi idan mai ciki ta kamu, an fara shi a Oktoba 2025 ga yara daga wata tara zuwa shekara goma sha huɗu, kuma Oktoba ta fi dacewa da kalandar wannan ƙasa, domin tana riskar yara a gida kafin a watse cin rani. Idan gangamin Jigawa da na jihar Damagaram ba su faɗo a mako ɗaya ba, yaron da ke tsakanin gidan uba a nan da gidan kaka a can yana iya kuɓuce wa duka biyun. Haka nan allurar da aka yi cikin awa 72 bayan cuɗanya da mai cutar tana iya hana ta fitowa, kuma a lokacin ɓarkewa ana saukar da shekarun karɓa zuwa wata shida. Amma kwana uku ba sa isa idan labarin yaron da ya yi ƙuraje a Dungas sai ya je Damagaram da Yamai, ya tsallaka Abuja, ya biyo ta Dutse, kafin ya iso Maigatari. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025 ta rage zaurukan da gwamnatocin biyu ke haɗuwa, abin da ya ƙara nauyi a kan jami'in sa ido na ƙaramar hukumar Maigatari da takwaransa na gundumar Dungas, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar yini ba, kuma da Hausa za su yi magana idan ɗaya ya kira ɗaya a waya.